Maliki Ya Yi Wa Ƴarsa Jere

Mu mutanen Gaya muna da wani ciwo, kuma ba ma ɓoye shi. Duk abin da ya sauka daga teku zai shiga ƙasa sai ya bi ta gabanmu, shi ya sa kowannenmu yake ganin kamar ya zaga duniya. Mutumin da bai taɓa wuce Malanbil da ke ƙetaren kogi ba sai ya gyara zama ya faɗa maka yadda ake cin abinci a Faransa, har da nuna maka riƙon cokali. To a cikinmu duka babu wanda ciwon nan ya kama kamar Abdulmalik, wanda gari ke kira Maliki.

Maliki direba ne. Sana'arsa ɗauko tsofaffin motocin Turai daga Kwatano ya kawo wa masu su. Motocin nan kuwa ba sa zuwa wofi, a kan cusa musu tarkacen gida, tsohon bargo, fitila marar kai, takalmi ƙafa ɗaya. Wata rana a bayan wata mota ya tsinci wani tulun fure na tangaran, rawaya da baƙi, a karkace kamar wanda ya sha mari, da kunne guda a gefe. Ya ɗauki hotonsa da portabul, wato wayar hannu, ya yi ta bincike, sai ya gano ashe a Turai akwai masu tara irinsu, wai yayin shekarun tamanin ne, salon kuma sunansa posmodan. Shi ke nan, bawan Allah ya samu abin yi.

Daga ranar duk tafiya sai ya bi kasuwannin gwanjo ya dawo da karto, wato kwali, cike da tuluna. Akwai na gilashi shuɗi mai kumfa a ciki, akwai mai ƙafa uku, akwai mai hawa-hawa kamar matakala, akwai wanda aka huda masa ciki tas har kana hango mutum ta ɗaya gefen. Suka cika salo, wato falo, suka cika saman firiji, suka fara gangarowa zaure. Matarsa Kaltuma ta koma tafiya a gidanta kamar mai tsallake ƙwai.

Da yamma yakan ɗauki guda ya tafi bakin kogi, gindin mangwaron da ake shan shayi, inda Sumana mai kwale-kwale yake zama. Sumana Badande ne, daga ƙabilar da ke zaune a bakin kogin nan, tare suka taso, kuma tun suna yara bai taɓa barin maganar Maliki ta faɗi ƙasa lafiya ba.

"Me ake zubawa a ciki?" in ji Sumana.

"Ba a zuba komai. Kallo ake yi."

"Matata ma ana kallonta, amma tana tuƙa tuwo."

"Kai Sumana, ka san kifi, ka san ruwa, a nan ka tsaya. Wannan ilimi ne. Ka ga karkacewar nan? Da gangan aka yi ta. Wanda ya ƙera shi ya iya miƙewa sarai, ya ƙi."

"Maginin da ya yi mini katanga ma haka ya ce, kafin damina ta zo."

Aka yi dariya, Maliki ya goge tulunsa da gefen riga ya ce wata rana garin nan zai waye, kuma a lokacin za a tuna wanda ya fara.

Ana cikin haka aka sa ranar auren Hamdiyya, ƴarsa ta fari, da wani yaro Nazifi, manomin shinkafa a Tunuga. Yaran suna son juna, iyaye sun yarda, babu wata matsala. Kaltuma kuwa tun yarinyar tana lakwal, wato makarantar boko, take tara mata kayan ɗaki, kwanuka jere-jere da murafensu, tasoshi, tukwane, kasko na turaren wuta, muciya, ludayi, har da taɓarya. Duk tana yi ne da mutum ɗaya a ranta, wato Hajiya Habsatu, gwaggon ango.

Duk amaryar da aka kai dangin nan, Hajiya Habsatu ce ke fara shiga ganin ɗaki. Takan ɗaga kwano ta ƙwanƙwasa, ta buɗe murfi ta leƙa, in ta ga abin da bai yi mata ba sai ta raɗa wa amarya suna. Sunan kuma ba ya goguwa. Akwai matar da yanzu har ta yi jikoki, amma duk Tunuga Mai Kwano Ɗaya ake ce mata, ƴaƴanta ma da shi ake kwatance. Abin da Kaltuma ke gudar wa ƴarta ke nan.

Sai wata safiya Maliki ya kurɓi kununsa ya ajiye, ya ce, "Jeren Hamdiyya ni zan yi."

Kaltuma ta ɗauka ba ta ji daidai ba. "Maigida, jere fa ka ce?"

"Jere. Duk amaryar ƙasar nan ɗakinta iri ɗaya ne, kwano kan kwano kamar butik ɗin ɗan kasuwa. Ƴata ba za ta shiga layi ba. Za a shiga ɗakinta a rasa bakin magana."

"Rasa bakin magana iri biyu ne, Maigida. Ka rufa mana asiri. Ina aka taɓa jin uba ya yi jere? Uban amarya ko ƙofar gidan ba ya zuwa."

"Don ba a samu uba mai ido ba ne."

Ya kira Hamdiyya ya tambaye ta. Yarinya ta durƙusa, ta dubi uwarta, ta dubi ubanta da yake ta murmushi kamar an ba shi kujerar Makka, ta kasa karya masa zuciya. Ta ce, "Duk yadda ka yi daidai ne, Baba." Da ta koma ɗaki kuwa hawaye ta yi, don tana tsoron Hajiya Habsatu kamar yadda kowa ke tsoronta.

Saura babban tulu, wanda Maliki ya daɗe yana nema, aka ce ya iso Malanbil. Tun da aka rufe gadar da ke tsakaninmu da su, kaya a kwale-kwale suke ƙetarowa, don haka ya ɗauki Sumana suka haye. Tulun na tangaran ne, fari da ratsin ja da baƙi kamar walƙiya, ciki faffaɗa, wuya dogo siriri, ga kunnuwa biyu ɗaya sama ɗaya ƙasa. Nan take ya sa masa suna Sarauniya.

Sumana ya ce, "Kawo in tura ta cikin buhun ƙaiƙayi, ka zauna ka huta."

"Sarauniya a ƙaiƙayi? Allah ya kiyaye. A hannuna za ta ƙetare."

"To zauna."

"Na sha shiga jirgin da ya fi wannan."

Bai taɓa shiga ba. Suna tsakiyar ruwa ya miƙe tsaye yana yi wa matan da ke ɗauke da buhunan albasa bayanin abin da ya sa kunnuwan ba su daidaita ba. Wani kwale-kwale mai inji ya wuce, igiyar ruwa ta zo, aka nemi Maliki aka rasa. Abin da ake gani kawai hannuwa biyu ne a saman ruwa riƙe da tulu. Sumana ya miƙa hannu, murya ta ɓullo tana tari, "Ita za ka fara karɓa."

Aka ciro shi babu hula, babu takalmi ɗaya. Da suka iso gaɓa ya tuntsurar da Sarauniya don ruwa ya fita, sai ga ɗan ƙaramin kifi ya faɗo yana tsalle.

Sumana ya ce, "Alhamdu lillahi, yau dai ta yi aiki."

Maliki ya matse riga ya ce wa masu kallo dama al'adar masu tara kayan nan ce, sabon tulu sai an wanke shi a ruwa mai gudu.

Ana gobe kai amarya ya ɗauko hayar kamyo, babbar motar kaya. Ya loda gado da katifa, ya loda kartunan tulunansa kaf, ya ce wa Kaltuma wuri ya cika, kwanukanta sai sawu na biyu. Da ta shiga ciki ya tura su magaza, ɗakin ajiya, ya danna kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu. Suna isa Tunuga ya sallami direba.

Dangin ango suka ga surukinsu ya sauko daga kamyo da guduma a hannu, suka rasa yadda za su gaishe shi. Aka ce a kira kafinta. Maliki ya ce kafintan ƙauye miƙaƙƙen abu kawai ya sani. Ya tuɓe babbar riga ya shiga buga katakai a bango da kansa. Bangon nan na laka ne, siminti shafa masa kawai aka yi, ƙusa tana shiga kamar a tuwo, tana fitowa kamar a tuwo. Ya buga yatsa, ya buga wani, ya ce guduma ce ba ta da asali. Da ƙyar etajer, wato kantar jera kayan, ta tsaya hawa uku, amma gefe guda ya sunkuya. Ya leƙa tsakar gida ya ga ƙotar fartanya a jingine, ya ɗauko ya tokare ƙasan da ita.

Nazifi ya leƙo cikin ladabi. "Baba, kamar ta ɗan karkata."

"Ka gani ko? Kana da ido, yaro. Da gangan ne."

Ya jera tuluna tun daga sama har ƙasa, ya ɗora Sarauniya a kan tabur a tsakiyar ɗaki, ya ja baya yana kaɗa kai. Ya kwana a gidan wani abokinsa direba, ya bar portabul a kashe don ya san wadda za ta kira.

Washegari da hantsi motocin amarya suka iso. Kaltuma a matsayinta na uwa tana gida, ƙanwarta Zalika ce ta jagoranci mata. Zalika ta shiga ɗaki da guɗa a bakinta, guɗar ta maƙale a rabi. Ta juya hagu, ta juya dama, ta leƙa ƙarƙashin gado. Ko cokali babu. Ga kuma mijin yayarta tsaye a bakin ƙofa cikin shadda, ya harɗe hannuwa a baya.

"Yaya Maliki, ina kayan?"

"Ga su kina gani."

Ta buga wa Kaltuma waya, ta miƙa masa. Muryar Kaltuma ta fito a hankali, irin hankalin da ya fi ihu ban tsoro. "Maigida, in yarinyar nan ta samu suna a garin nan, ka sani kai ka raɗa mata." Ta kashe.

Babu lokacin komawa Gaya. An riga an zaunar da amarya a kan gado lulluɓe da mayafi, kuma ga hayaniyar dangin ango tana tahowa. Hajiya Habsatu ce a gaba, gajeriya kakkaura, baki ja da goro, hannu cike da awarwaro da zobba. Ta tsaya ta dubi Maliki daga hula har takalmi.

"Wannan fa?"

Zalika ta sunkuyar da kai. "Baban amarya ne, Hajiya."

"Ikon Allah. A Gaya da uba ake kawowa? To sannu da zuwa, Malam. Kai ma lalle aka sa maka a yatsun nan?"

"Ciwon aiki ne, Hajiya. Bismillah, a shigo a ga abin da ba a taɓa gani ba."

Ta shiga, mata suka biyo ta har ɗaki ya cika, saura suka tsaya a taga. Ta ɗauki mai ƙafa uku ta juya shi, ta ƙwanƙwasa, ta leƙa.

"Ina murfinsa?"

"Ba shi da murfi."

"Ya ɓata a hanya?"

"Haka aka yi shi."

"Wannan fa?"

"Shi ma."

"To duka an yi su ba a gama ba ke nan. A me ɗana zai ci tuwo?"

Da Maliki ya ce kwanuka suna tafe, da an wuce wurin. Amma mata sun zuba masa ido, kuma bakin Maliki bai taɓa ganin taro ya yi shiru ba. Ya ce, "Hajiya, kayan nan babu abin da ba sa yi. Abin da kwano goma za su yi, guda ɗaya a nan ya isa."

"Madalla. Ga furar baƙi can an kawo a ƙwarya, a juye mu gani."

Ya zaɓi wani kore mai hawa-hawa, aka juye fura. Aka aro ludayi daga maƙwabta, ludayi ya ƙi shiga baki. Ya ce a Turai ba a sa ludayi, tsiyayawa ake yi. Ya karkata tulun kan kofi, fura ta yi shiru, gayan ya toshe wuya. Ya girgiza, ya leƙa, ya ƙara girgizawa, sai ta taho gaba ɗaya, rabi a gaban shaddarsa, rabi a sabon zanen Zalika.

"Haka ake yi a Turai?" in ji Hajiya.

"Furar ce ta yi kauri."

Wata tsohuwa ta ce ɗakin amarya babu ƙamshi, ina kasko. Zalika ta buɗe baki, Maliki ya riga ta. Ya sauko da shuɗin gilashin nan mai kumfa ya ce wannan a cikin wuta aka haife shi, garwashi wasan yara ne a wurinsa. Aka zuba garwashi, aka barbaɗa turare. Hayaƙi ya tashi yana murɗawa a cikin shuɗi, kuma gaskiya abin ya yi kyau, har mata suka ce kai. Maliki ya buɗe baki zai fara jawabi, sai aka ji tas. Gindin ya rabu da jikin, garwashi ya watse a sabuwar leda. Mata suka yi ta tsalle suna tattare zannuwa, Zalika ta kashe wutar da ragowar fura.

Daga taga aka ji muryar Sumana, wanda ya zo biki da mutanen Gaya. "Shi ma da gangan ne?"

"Kai wa ya kira ka cikin mata?"

"Na ga kana ciki, na ce ko an buɗe wa kowa ne."

Zalika ta raɗa masa, "Don girman Allah, Yaya, a raba goro su tafi." Al'ada ce masu ganin ɗaki a miƙa musu goro da alawa a kwano mai kyau. Kwano babu. Maliki ya ga dama ta ƙarshe ta wanke kansa. Ya karɓi ƙullin goro ya zazzage shi a cikin Sarauniya, ya ɗauke ta da hannu biyu ya durƙusa gaban gwaggon ango.

"Babba ce ke fara ɗiba, daga babba."

Hajiya Habsatu ba ta wasa da goro. Ta tattara yatsu ta zura hannu, awarwaro suna ƙara, hannu ya shige har wuyansa. Ta laluba, ta jawo. Sarauniya ta biyo ta. Ta sake jawowa, Maliki ya riƙe gindi, suka yi ta ja kamar masu raba gardama.

"Malam, tulunka ya kama ni."

"Ki sassauta, Hajiya, a hankali. Kada ki buga shi da tabur."

"Hannuna kake tambaya ko tulunka?"

Aka kawo ruwan sabulu aka tsiyaya. Shiru. Aka kawo man gyaɗa, hannu ya yi ƙyalli, bai motsa ba. Wata ta ruga gida ta kawo miyar kuɓewa da ɗuminta aka ɗura, yauƙi ya bi gwiwar hannun Hajiya yana ɗiga a ƙafarta. Wuyan hannu ya fara kumbura. Labari ya fita, maza suka baro rumfar biki suka cika tsakar gida, masu kabu-kabu suka kashe babura suka hau katanga. Nazifi yana tsaye a ƙofa yana zufa, ya rasa wanda zai ba haƙuri tsakanin gwaggonsa da surukinsa.

Wani ya ce a fasa tulun. Maliki ya ce a'a, a dai ƙara kuɓewa, irin wannan guda nawa ne a duniya. Wani ya ce a kai ta likita a Gaya.

Hajiya Habsatu ta miƙe tsaye da tulu a hannu, idonta ya yi ja. "Ƙwarai kuwa, a kai ni. A kan babur za ni, in ɗaga hannun nan sama tun daga nan har Gaya, kowa ya ga abin da aka kawo mana. Mun nemi amarya an ɗana mana tarko." Ta tsaya, ta ɗanɗana kalmar a bakinta, ta juya wajen gado. Mata suka kasa kunne, don sun san yadda take yi in suna ya zo mata. "Amarya mai tarko. Af, ashe ma..."

A nan ne Maliki ya dubi gadon, karo na farko tun safe. Hamdiyya tana dunƙule cikin mayafi, kafaɗunta suna rawa, ba ta fitar da sauti don kada ta kunyata shi. Hannunta mai lalle ya damƙe bakin katifa. Kunya ta rufe shi, tausayin ƴarsa ya soke shi har cikin ciki. Wannan sunan in ya fita ƙofar nan, da shi za a kira jikokinsa.

"Tsaya, Hajiya. Zalika, naɗe mata hannu da ɗankwali. A ba ni taɓarya."

"Tana Gaya," in ji Zalika.

"Muciya."

"Tana Gaya."

"To wani abu mai nauyi."

"Duk mai nauyi yana magaza, makulli yana aljihunka."

Ya waiga ya ga wani itace mai kauri a jikin bango, ya fizgo shi bai ko duba ba. Ya ɗora Sarauniya a kan tabur da hannun Hajiya a ciki, ya yi bismillah, ya rufe ido, ya sauke mata a ciki. Ta rabe biyu kamar kabewa.

A bayansa aka ji wani ƙiii. Sai a lokacin ya dubi abin da ke hannunsa, ya gane ƙotar fartanya ce. Etajer ta sunkuya a hankali kamar mai gaisuwa. Mai ƙafa uku ne ya fara tafiya, ya tura na kusa da shi, na kusa ya tura na gaba, suka bi gangaren nan da aka yi da gangan ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya iso baki ya faɗa. Hawa na sama ya sauko kan na tsakiya, na tsakiya ya sauko kan na ƙasa, bango ya biyo su da guntun siminti. Rugugum. Mata suka yi waje, ƙura ta tashi. Can sai mai hudajjen cikin nan ya gangaro shi kaɗai lafiya lau, ya zagaya ƙafar Maliki, ya bugi ƙafar gado, ya fashe.

Ƙura ta lafa. Idanu suka dawo kan tabur, inda hannun Hajiya Habsatu yake kwance cikin kuɓewa da fasassun tangaran, babu ko ƙwarzane. Hannun a dunƙule yake tam. Ta tsakanin yatsu goro ne ke leƙowa, fari da ja, cike da tafi har babu wurin numfashi.

Sumana ya tura kai ta taga ya duba da kyau. "Hajiya, ai da kin saki da tuni ya fito."

Wata ta toshe baki da mayafi, dariya ta fita ta hanci. Shi ke nan gida ya ɗauka, na ɗaki da na tsakar gida da na kan katanga, har wani ya faɗo. Ko cikin mayafin amarya rawar kafaɗa ta sake salo.

Hajiya Habsatu ba a banza ta yi suna ba. Ta san in ta bar wurin haka, gobe ita ce Mai Damƙa har kabari. Ba ta saki goron ba. Ta ɗaure shi a bakin zane a gaban kowa, ta goge hannu a shaddar Maliki, ta je ta ɗaga mayafin amarya.

"Share hawayenki, ƴata. Ku dube ta da kyau. Yarinyar da ta tashi a hannun wannan bawan Allah ba ta haukace ba, ai babu gidan da ba za ta zauna ba. Hamdiyya sunanta, Hamdiyya za a kira ta, wadda ta ƙara wani abu ta gamu da ni." Sannan ta juyo ta nuna Maliki da yatsa mai yauƙi. "Kai kuma, Ruguzau, gobe in ga kwanuka da murafensu."

Kafin ya kai bakin mota sunan ya riga shi.

Da ya dawo Kaltuma ta miƙa hannu kawai, ya sa mata makulli. Da safe da kansa ya kwashi kaya zuwa bakin kogi, don ba ya son haɗuwa da direbobin tasha. Sumana ya tura kwanuka cikin buhunan ƙaiƙayi, wannan karon Maliki bai hana ba. Aka ce ya zauna, ya zauna a ƙasan jirgi ya riƙe gefe da hannu biyu, taɓarya a kan cinya.

Suna isa gaɓar Tunuga matan da ke wanki suka ɗago kai. Ɗaya ta ce, "Ruguzau, an iso lafiya?"

"Lafiya lau," in ji Maliki. "Ya ruwa?"

Ya ɗauki buhu a ka suka bi ta tsakiyar gari, ko'ina ana gaishe shi da sabon suna yana amsawa. A ƙofar gidan ya sauke ya tsaya daga waje, yadda uba ke yi. Zalika ta fito karɓar kaya, ƙamshin turaren wuta ya biyo ta. Ta ce Hamdiyya na gaishe shi, kuma ta hana a zubar da gindin Sarauniya, a ciki ta sa garwashi tun jiya, bai ko tsage ba.

Maliki ya juya wa bango fuska yana gyaran hula ya daɗe.

A hanyar komawa Sumana ya bar wasa ya tambaye shi, "Sunan nan bai yi maka zafi ba?"

"Suna guda aka zo rabawa a ɗakin nan jiya, ko ni ko ita. Ni na fi ta faɗin kai." Jirgi ya ci gaba da tafiya. Can ya gyara zama. "Amma ka ji abin da Zalika ta ce ko? Bai ko tsage ba. Tun farko na faɗa muku kayan nan suna ɗaukar wuta, wajen zaɓen tulu ne kawai na kuskure."

"Zauna," in ji Sumana, don ya ga ya fara miƙewa.